Bin salsalar iyali ta littattafan baftisma na zamanin mulkin Sifaniya da Fotugal: ta ina ake kamawa?

Mai Neman Asali:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka saba da tsofaffin littattafan cocin Katolika na zamanin mulkin mallaka. Ana bin salsalar wani iyali ne da tushensu yake a wani ƙaramin gari a tsakiyar Meziko. Takardun haihuwa da na aure na gwamnati sun kai mu har 1865, daga nan sawu ya ɓace. Sai ga shi a FamilySearch, shafin intanet na bin salsalar iyali, an ci karo da wani yaro da aka yi wa baftisma a garin a 1742. Sunan danginsa ɗaya da nasu, sunansa na baftisma ma irin wanda ake yawan maimaitawa a gidan ne. Ana iya ɗaukarsa a matsayin kakan kakanninsu? In ba haka ba, yaya ake cike tazarar da ke tsakani? Sannan ina son sanin ko hanyar tana amfani ga zuriyar bayin da aka kwasa daga Afirka zuwa Barazil da Kuba, ko su ba a damu da rubuta su ba. Na gode.

Tsohon Kundi:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada a sa yaron nan cikin jerin kakanni tukuna. Kama da wane ba ta wane. Daga 1742 zuwa 1865 shekara 123 ce, wato zuriya huɗu ko biyar, kuma kowace sai an ɗaure ta da wadda ta gabace ta da takarda. A ƙaramin gari gidaje da dama kan amsa sunan dangi ɗaya, José da María da Juan kuwa sun cika kowane shafi. Ga kuma mutuwar jarirai, wadda ta yi yawa ƙwarai a wancan zamani. Ba abin mamaki ba ne a buɗe littafin jana'iza a tarar da yaron nan a ciki, mako uku bayan baftismarsa. Don haka abu na farko da za a yi masa shi ne a duba ko ya rayu ma.

Ɓacewar sawu a 1865 ba laifinku ba ne. Dokar da ta kafa rajistar gwamnati a Meziko ta fito ne a Yulin 1859, zamanin Shugaba Benito Juárez, kuma ta ɗauki shekaru kafin ta kama ƙasa a ƙauyuka. Kafin nan coci ne kaɗai ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa.

Sanin dalilin rubuta littattafan zai nuna maka abin da za ka samu a ciki. Babban taron coci na Trent, a zamansa na Nuwamban 1563, ya wajabta wa kowane Fada ya ajiye littafin aure, ya kuma rubuta sunayen waɗanda suka tsaya wa jariri a baftisma. Dalili shi ne a dokar coci ta wancan zamani tsayawar tana ƙulla wani irin zumunci da ke haramta aure tsakanin mai tsayawa da yaron da iyayensa, shi ya sa taron ya taƙaita su zuwa mutum ɗaya, ko namiji ɗaya da mace ɗaya. Sarki Philip na Biyu na Sifaniya ya mai da hukunce-hukuncen taron doka a ƙasashensa a 1564. A 1614 Fafaroma Paul na Biyar ya fitar da tsarin ibada da ya ƙayyade littattafai biyar: na baftisma, na tabbatarwa (ibadar da bishof ke yi wa wanda aka riga aka yi wa baftisma), na aure, na mamata, da na jerin mutanen kowane gida. To ka ga Fada shaidar ibada yake rubutawa. Kwanan watan da ke saman rubutun na baftisma ne. Ranar haihuwa wani lokaci a ce "kwana uku da haihuwa", wani lokaci a yi shiru. Galibi dai tsakaninsu bai wuce kwana ɗaya zuwa mako biyu ba, sai in gidan na nesa da coci.

Yanzu ga yadda ake tafiyar. A kama mutum na ƙarshe da aka tabbatar, wanda takardar 1865 ta ambata, a nemi aurensa kafin a nemi baftismarsa. A nan mutane da yawa ke ɓata, don sukan fara da baftisma. Rubutun baftisma jariri yake nuna maka da iyayensa, ba ya gaya maka wa jaririn ya zama da ya girma. Rubutun aure kuwa baligi yake nunawa, da matarsa, da iyayen kowannensu, da inda suka fito. Shi ne gadar da ke haɗa zuriya biyu. A lura da kalmomi biyu a ciki: natural de ko originario de yana nufin inda aka haifi mutum, vecino de kuma inda yake zaune. Wanda ya haɗa su zai shafe wata guda yana neman baftisma a garin da ba a yi ta ba.

Bayan littafin aure akwai wani abin da ya fi shi bayani, wato binciken da ake yi kafin a ɗaura auren, información matrimonial. A nan ango da amarya kan faɗi shekarunsu, shaidu su yi rantsuwa cewa sun san su, su faɗi tun yaushe kuma a ina. Sau da yawa shaidun kawunai ne ko surukai. Takardun a ɗaure suke daban, shekara-shekara, kuma da wuya a same su a fihirisa, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya daga wata biyu kafin ranar auren.

Shekarun da mutum ya faɗa ƙiyasi ne. In ango ya ce shekararsa 25 a 1838, a duba baftisma daga 1808 zuwa 1818, kada a tsaya a 1813. In an same shi, kada a tashi. A ci gaba da juya shafi gaba da baya har a tattara duk 'ya'yan da iyayensa suka haifa. Amfanin wannan yana da yawa. Haihuwa kan zo kusan duk shekara biyu, to in ka ga yara biyu da wata biyar kacal a tsakaninsu, ga sunayen iyaye iri ɗaya, ka san ma'aurata biyu ne masu suna ɗaya, sai a raba su ta unguwa ko gona ko ta masu tsaya musu. Haka in tazarar ɗan fari da auta ta haura shekara 30, akwai kuskure, ko dai uwa biyu ce ko uba da ɗansa ne aka haɗe. Sannan wani Fada kan yi rowar bayani, wani kuma ya rubuta har kakanni huɗu, abuelos paternos da abuelos maternos, abin da ya yawaita daga ƙarshen ƙarni na 18. Rubutun ƙanwa ɗaya na iya ba ka abin da na kakanka bai ba ka ba. Da an gano ɗan fari, auren iyayen yana kusa, galibi shekara ɗaya ko biyu kafin nan, kuma a cocin garin amarya. Daga nan a sake zagayen.

Game da fihirisar FamilySearch, gani ya kori ji. Kullum a buɗe hoton shafin. Fihirisa kan bar masu tsayawa da rubutun gefen shafi, takan karanta suna a karkace, kuma littattafai da yawa an ɗauki hotonsu amma ba a shigar da sunayensu ba. A shiga kundin shafin ta sunan gari, a ga jerin littattafan cocin da shekarunsu. Duk abin da aka samu a rubuta sunan coci, littafi, lambar warƙa, gaba ce ko baya, da lambar hoto. Inda aka duba ba a samu ba shi ma a rubuta, don kada a maimaita wahala. Kuma kada a sa ran ganin labarin auren mutum a gefen baftismarsa. Wannan ƙa'ida sai a 1908 ta fara aiki.

Mai Taskar Takardu:

Malam Tsohon Kundi ya shimfiɗa hanya, amma akwai ramuka uku da ya kamata a sani tun kafin a taka.

Na farko, coci ɗaya ba littafin baftisma ɗaya yake da shi ba. A yawancin ƙasashen da Sifaniya ta mallaka an raba su ne bisa launi da asali: na españoles, na indios wato 'yan asalin ƙasa, da na castas, inda ake sa ruwa biyu da baƙaƙen fata, mestizo da mulato da sauransu. Duk ukun shekaru ɗaya suke ɗauke da su. Wanda ya duba ɗaya ya ce babu, bai duba ba. Kuma laƙabin ba tsayayye ba ne, ganin idon Fada ne da matsayin gidan a gari. Akan sami mutum ɗaya an yi masa baftisma a matsayin mulato, ya yi aure a matsayin mestizo, an binne shi a matsayin español. Akan sami 'yan uwa ciki ɗaya a littattafai daban-daban. Saboda haka sauyin laƙabi ba hujja ba ce cewa mutum biyu ne, kuma iyalin da ke ganin kansu tsantsar Sifaniyawa su shirya ganin kakanninsu a littafi na uku. A Meziko an hana rubuta waɗannan laƙabobi a 1822, bayan samun 'yancin kai.

Na biyu, iyakokin coci sun sha sauyawa. Garin da ke da cocinsa a 1865 wataƙila a 1742 reshe ne kawai da Fada ke ziyarta lokaci-lokaci, littattafansa na can a uwar cocin, wani lokaci tafiyar yini guda. In littafin gari ya fara a 1790, tambayar ita ce daga wane coci aka yanke shi. Shafin farko na littafin kan faɗa. Haka kuma daga 1749 zuwa 1753 sarautar Sifaniya ta ba da umarnin karɓe majami'un 'yan ƙasa daga hannun ɗariƙu irin su Franciscan da Dominican a miƙa wa limaman da ke ƙarƙashin bishof, a 1767 kuma aka kori 'yan Jesuit. A irin wannan miƙa hannu littattafai kan ɓata, ko tsarin rubutu ya canza baki ɗaya. A birnin Meziko kansa 'yan ƙasa cocinsu daban ne har 1772, lokacin da Akbishop Lorenzana ya sake rabon bisa unguwanni.

Na uku, kuma shi ya fi shafar yaron 1742, sunan dangi. Tsarin nan na ɗaukar sunan uba sannan na uwa sai a ƙarni na 19 ya zauna. Kafin nan ɗa na iya ɗaukar sunan kakarsa ta wajen uwa, ƙaninsa ya ɗauki na uba, 'yar'uwarsu ta ɗauki wani. 'Yan ƙasa da yawa ba su da sunan dangi sam, sunaye biyu kawai ake ba su, ko a liƙa musu na addini kamar de la Cruz, de los Santos, de los Reyes, waɗanda ba lalle ne su gangaro kan 'ya'ya ba. Akwai kuma masu ɗaukar sunan mai gonar da suke wa aiki. Rubutun ma ba shi da ƙa'ida. Ximénez da Jiménez da Giménez ɗaya ne, Ysabel da Isabel ɗaya ne, b da v suna musanya, h takan zo takan tafi. A karanta sunan da baki, a nemi duk abin da ya yi kama da shi a kunne.

Karatun kuwa bai kai yadda ake tsoro ba, don kowane rubutu ƙira ɗaya yake bi: wuri, kwanan wata, sunan Fada, sunan jariri, iyaye, masu tsayawa, gargaɗin da aka yi musu kan zumuncin da suka ƙulla, sai sa hannu. A sami rubutu ɗaya mai kyan hannu a kwafe shi kalma-kalma, a ajiye a gefe, da shi za a warware sauran. Gajerce-gajercen da suka fi kayar da mutane su ne na watanni. 7bre Satumba ce ba Yuli ba, 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre ko 10bre Disamba, saboda daga sunayen Latin aka yanko su. Jph José ne, Ma María, Franco da ƙaramin co a sama Francisco, Xptoval Cristóbal, dho kuma dicho, wato "wanda aka ambata". In ka ga dicho día ko dicho mes, sai ka koma baya har inda aka faɗi kwanan a fili.

Sai kalmomin matsayin jariri. Hijo legítimo, iyayensa na da aure, a nemi auren. Hijo natural, ba su yi aure ba amma babu abin da ya hana su, kuma sau da yawa sukan yi daga baya. Hijo de padres no conocidos, ko hijo de la iglesia, ko expósito, an ce ba a san iyayen ba ko an tsince shi a ƙofar wani gida. Kada a yanke ƙauna a nan. Irin wannan rubutu wani lokaci rufin asiri ne, kuma gidan da aka ajiye jaririn ko matar da ta tsaya masa na iya zama danginsa na jini, sai a bibiye su a wasiyya da littafin aure. In kuma aka ce an zuba masa ruwa por necesidad, to ungozoma ko wani na kusa ne ya yi masa baftisma a gida don ana tsoron zai mutu, daga baya Fada ya cika sauran ibadar da shafa mai. A nan tazarar haihuwa da rubutu na iya kai watanni.

Alƙalamin Tarihi:

Bari in ɗauki tambayar bayi, don tana da muhimmanci kuma ana yawan cewa ba a rubuta su ba, alhali an rubuta. Dokokin Fotugal na 1603 sun tilasta wa ubangida ya sa a yi wa bawan da aka kawo daga Afirka baftisma cikin wata shida, in ba haka ba ya rasa shi. Dokokin cocin Bahia ta Barazil na 1707, waɗanda Akbishop Sebastião Monteiro da Vide ya tsara kuma aka bi a duk Barazil, sun ce a kai jariri cikin kwana takwas, ɗa ne ko bawa. Ubangida ma na da tasa moriyar, domin rubutun baftisma ya zame masa shaidar mallaka. Matsayin yaro na bin na uwarsa ne, in baiwa ce shi ma bawa ne, ko wane ne ubansa.

Wannan ne ya sa salon binciken ya bambanta. Bawa galibi suna ɗaya gare shi, kuma a cocin da ke kewaye da gonakin rake za ka ga Maria da Antônio ɗari-ɗari. Abin da ke bambance su shi ne sunan ubangida, escravo de wane. Saboda haka dole a bi gidan ubangidan kamar yadda ake bin iyalin kansa: aurensa, mutuwarsa, wasiyyarsa, da lissafin kayan gadonsa. A lissafin gado ake jera bayi da shekarunsu da asalinsu da sana'arsu, wani lokaci har a ce wance da 'ya'yanta uku, a nuna wane magaji ne ya ɗauki wa. In uwa ta ɓace daga littafi farat ɗaya, a duba ko ubangidan ya mutu a shekarar, ko 'yarsa ta yi aure ta tafi da ita wani gari. Yana da zafi a ce sai ta hanyar wanda ya mallake su ake gano mutane, amma takardun haka suke.

Yawancin 'ya'yan bayi an rubuta su filho natural da sunan uwa kaɗai, don haka reshen uwa ne ke tafiya. A sa ido kan kalmar forro na pia, wato an 'yanta jaririn a wurin baftisma, rubutun kansa ya zama takardar 'yancinsa. A sa ido kuma kan masu tsayawa. Uwaye kan zaɓi 'yantattu ko bayin wani gida, kuma sunan da ke maimaituwa a kan 'ya'yan mace ɗaya yakan zama ɗan'uwa ko abokin tafiya a jirgi ɗaya.

Wanda aka rubuta adulto shi ne sabon zuwa daga Afirka, kuma a nan ake samun laƙabin asali. Waɗanda aka ɗauko daga Luanda galibi tun can ake yi musu baftisma a jumla kafin a loda su, don haka ba kasafai suke fitowa a littattafan Barazil a matsayin manya ba. Na gaɓar Mina kuwa, wato Afirka ta Yamma, sukan iso ba a yi musu ba. Tsofaffin littattafai gentio da Guiné ko Mina kawai suke cewa. A Bahia ta ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 laƙabin ya ƙara fitowa fili: Nagô ga Yarbawa, Jeje, Tapa ga Nufawa, Bornu, da Ussá ko Aussá ga Hausawa, waɗanda suka yawaita can bayan yaƙe-yaƙen da suka fara a 1804. A Kuba za ka ga Lucumí, Carabalí, Congo, Mandinga, Gangá, Arará, a littattafan da ake kira na pardos y morenos, wato na ruwa biyu da baƙaƙen fata. A riƙe waɗannan da hannu biyu amma da hattara. Sau da yawa tashar da aka loda mutum suke nunawa, ko yaren da ɗan kasuwa ya ji yana yi. Sunansa na gida da garinsu kusan ba a taɓa rubuta su ba. Iyakar abin da littafin coci zai kai ka ke nan: mutumin da ya sauka daga jirgi, da kusan shekarar saukarsa, da yankin da aka jingina shi da shi.

Daga 1871, da dokar da ta 'yanta cikin da baiwa za ta haifa, an umarci limaman Barazil su buɗe littafi na musamman ga waɗannan yara, har zuwa soke bauta a 1888. Kada a manta da shi, daban yake. Labarin nan kuma da ake yaɗawa cewa an ƙone duk takardun bauta a Barazil, gaskiyarsa ita ce umarnin da ministan kuɗi Rui Barbosa ya bayar a 1890 takardun ma'aikatar kuɗi ya shafa. Na coci da na kotunan gado ba su shiga ba. Ban da FamilySearch, a duba Slave Societies Digital Archive na Jami'ar Vanderbilt, wanda ya ɗauki hotunan littattafan coci na Kuba da Barazil da Kolombiya da Florida ta zamanin Sifaniya, kuma kyauta ne.

Mai Neman Asali:

Allah ya saka muku da alheri. An bi ta hanyar aure kuma an taka zuriya biyu baya. Amma ga sabuwar matsala. Ma'aurata ɗaya suna da 'ya'ya mata biyu, duka María Josefa, ɗaya 1779 ɗaya 1782, ba a san wadda ta yi auren da muke riƙe da shi ba. Sannan littafin baftisma ya yi tsalle daga tsakiyar 1785 zuwa 1788, kuma a nan ake zaton mijin ya faɗo.

Tsohon Kundi:

Madalla, Malam, aiki ya yi kyau. Matsalar farko tana da fuska biyu. Ko dai ta 1779 ta rasu aka mai da sunanta kan ƙanwarta, abin da aka saba yi, ko kuma duka sun rayu sunan ne bai cika ba a fihirisa. A buɗe hotunan biyu. Sau da yawa akwai suna na uku, Rafaela ko Gertrudis ko na waliyyin ranar haihuwa, kuma da shi ake kiran yarinyar a gida, María ɗin ado ne da kusan kowace mace ke da shi. In sunayen ɗaya ne tak, a tafi littafin jana'iza daga 1779 zuwa 1782, a nemi párvula, wato ƙaramar yarinya, da sunan iyayen. Annobar agana ta ratsa Meziko a 1779 da 1780, don haka zato ya fi ƙarfi a kan ta farkon. Amma rashin ganinta a jana'iza bai tabbatar da ta rayu ba, domin jana'izar jarirai ce aka fi sakaci da rubutawa, musamman lokacin annoba. In haka ta faru, a rubuta cewa ta 1782 ce ta fi yiwuwa, a faɗi dalili. Tunda iyayen ɗaya ne, salsalar ba ta karye ba ko wacce ce.

Giɓin 1785 kuma ya faɗo daidai shekarar yunwa, 1785 zuwa 1786, lokacin da sanyi da fari suka kashe masara, mutane suka watse neman abinci. Kafin a ce shafukan sun ɓata, a duba ƙarshen littafin da farkon na gaba, don warƙoƙin da suka kwance akan ɗinke su a inda ba wurinsu ba. A duba lambobin warƙa. In sun bi juna ba tsalle, to ba a yage komai ba, Fada ne bai rubuta ba, ko ya rubuta a littafin wani rukunin. A nemi kuma rubutun ziyarar bishof, auto de visita, wanda ke tsakiyar littafin. Bishof kan duba littattafai ya rubuta laifin da ya gani, ya ce a cike abin da aka bari, kuma cikon na iya fitowa shekaru bayan haka. A leƙa majami'un maƙwabta ma, don iyalin na iya yin gudun yunwa su haihu a can.

In duk ba a dace ba, baftismar ba dole ba ce. Abin da ake so shi ne hujjar cewa wane ɗan wane ne. Auren mijin ya riga ya ba da sunan iyayensa. A ƙarfafa shi da littafin tabbatarwa, inda ake jera yara da iyayensu duk lokacin da bishof ya zo, da padrón, jerin gida-gida da Fada ke yi don sanin waɗanda suka sauke farillar Ista, da ƙidayar da Revillagigedo, wakilin sarkin Sifaniya a Meziko, ya sa aka yi daga 1790. In ma'auratan dangin juna ne, an yi sa'a babba. Coci ya hana aure har zuwa mataki na huɗu na zumunci sai da izinin bishof, kuma takardar neman izinin, dispensa, takan zayyana kakanni har inda reshen biyu suka haɗu. A taskar dayosis, wato ofishin bishof, ake samunta, ba a cocin gari ba. In za a rubuta musu, a ba da cikakken suna da shekara da coci, a roƙi hoto ko kwafi kalma-kalma, don takardar shaida ta zamani layi huɗu kawai take cirowa ta bar sauran.

Mai Taskar Takardu:

Ƙari kaɗan, Malam, don ka san inda hanyar za ta iya kaiwa. Limaman Franciscan goma sha biyu sun iso Meziko a 1524, kuma a shekarun farko dubbai ake yi wa baftisma a taro, ba tare da rubuta kowa ba. Littattafan babban cocin birnin Meziko sun faro daga shekarun 1530, amma a ƙauyuka da yawa sai ƙarni na 17 ake samun jeri mara yankewa, wasu ma gara da laima da tawadar da ke cin takarda sun gama da na farkon. Wanda ke bin na Kanada ta Faransa ya fi samun sauƙi, don a Quebec tun 1679 kwafi biyu ake yi, ɗaya a coci ɗaya a kotu, sai ɗaya ya cike giɓin ɗaya. A ƙasashen Sifaniya galibi kwafin ɗaya ne.

In wata rana rubutun aure ya ce ango natural de los reinos de Castilla, wato haifaffen Sifaniya, to an kai ga wanda ya ƙetaro teku. A nemi binciken aurensa, don baƙo sai ya kawo shaidun cewa bai bar mata a gida ba, kuma a nan ake ambaton ƙauyensu. Daga nan a tafi takardun izinin tafiya na Casa de Contratación, ofishin kula da tafiya da ciniki zuwa nahiyar Amurka da aka kafa a Sevilla a 1503 aka mai da shi Cádiz a 1717. Takardun suna taskar Archivo General de Indias da ke Sevilla, kuma ana binciken su kyauta a shafin PARES na gwamnatin Sifaniya. Da yawa sun tafi ba izini, wasu a matsayin barorin wani babba, don haka in sunansa bai fito ba a gwada sunan gwamna ko bishof ko ɗan kasuwar da ya iso a shekarar, a duba jerin mutanen da ya taho da su.